Kusurwa ta Huɗu

Asabar, da hantsi

Ɗakin ya lalace. Sifikun nan biyu su ne dai, amfilifayar ita ce, kujerar tana inda take tun da muka tare a gidan nan, amma da na sa faifai yau sai bes ɗin, wato sautin nan mai kauri, ya cika ɗakin da gurnani kamar an tayar da babbar mota a tsakar gida. Akwai wani wuri a faifan da mai jitar bes yake saukowa a hankali, mataki bayan mataki, a da har motsin yatsunsa a kan tsirkiya nake ji. Yau duk sun cakuɗe sun zama rugugi guda, gilashin taga sai karkarwa yake.

Na duba wayoyi, na leƙa bayan sifiku. Lafiyarsu lau.

Matata tana gidan Yayarta tun makon jiya. Tela nake ce mata tun kafin mu yi aure, kuma ko a takarda hannuna ya ƙi rubuta wani suna. Ranar Laraba Yaya ta zo da motar ɗaukar kaya aka kwashe kayan ɗinkinta daga ɗakin nan: dilolin yadi da ke jibge a kusurwoyi har kusan silin, buhunan ƙyallaye, da labulen nan mai nauyi. Keken ɗinkin kaɗai ya rage, don direban ya ce babu wuri. Yaya ta ce ƙarshen wata za su dawo su ɗauke shi. Ba sai an yi mini bayani ba, ranar da keken nan ya fita daga gidan nan, ita ma ta fita ke nan.

Ni ne na daɗe ina cewa ina son ɗakin nan ya zama na sauraro kawai. To, ga shi ya zama.

Lahadi, da yamma

Ko tari na yi a ɗakin sai bango ya mayar mini.

Litinin, bayan tashi daga aiki

A shagon tabarau yau na saka wa wani dattijo gilashin dama a hagu. Ya ɗora a hanci, ya kalli titi, ya ce, "Ɗana, ko dai ni ne na tsufa da yawa, ko motocin nan sun fara tafiya a karkace." Na ba shi haƙuri na gyara. Maigidan shago kallona kawai ya yi ta saman nasa tabaran.

Abokin aikina ya ce ya taɓa ganin ɗakin ɗaukar waƙa an liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai, kuma wai sauti a ciki sumul. Da na tashi na biya wajen mai ƙwai a bakin kasuwa na ce ya tattaro mini duk kwalayen da ba ya so.

"Malam, kiwon kaji za a fara?"

"A'a, a bango zan liƙa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ɗaure mini su da igiya, ya ce, "To, Allah ya ba bango lafiya."

Laraba, da la'asar

Na liƙe bango biyu. Ɗakin yana warin gam da tsohon ƙwai. Na zauna, na sa faifan. Muryar mawaƙin ta dusashe kamar yana waƙa da mayafi a baki, shi kuwa gurnanin yana nan daram, ko gezau. Kafin a kai rabin waƙar kwali uku sun faɗo, ɗaya a kan keken. Na tashi na ɗauke, na goge wurin da hannun rigata.

Iya ta maƙwabta ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce, "Ɗana, injin niƙa ka saya ne? Kwanonina sai rawa suke a kan kanta." Na rage sautin. Ta leƙa ta bayan kafaɗata, ta ga igiyar shanya babu komai a kai sai tawul ɗina.

"'Yar tawa fa? Kwana biyu ban ji kekenta ba."

"Tana wajen Yayarta, Iya."

"To," in ji ta. Ta ja "to" ɗin nan har ta kai ƙofar gidanta.

Ni ban ce ta tafi ba. Kaya na ce.

Alhamis, da azahar

Na kira wayarta daga bayan shago. Yaya ce ta ɗauka.

"Tana barci."

Barci da tsakar rana. A bayan muryar Yaya ina jin babban almakashin nan yana cin yadi a kan tebur, ƙaras, ƙaras, sai ɗan tsayawa, sai ƙaras mai tsawo. Babu mai yanka haka a duniya sai mutum ɗaya. Na ce a gaishe ta in ta tashi. Yaya ta ce za ta ji. Ban kashe wayar nan da nan ba, ita ma Yaya ta ɗan jinkirta, ban sani ba ko tausayi ne ko mantuwa.

Asabar, da yamma

Dogo ya zo. Shi ne abokina mai haɗa sauti a sitidiyo, tare muka sayo sifikun nan, kuma ya sha zama a kujerar nan yana cewa ɗakina ya fi nasu na aiki daɗin bes. Yana shigowa ya ga kwalayen ƙwai ya riƙe ciki don dariya, sai da ya dafa bango.

"Wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Ni na yi wa kaina."

"Cire su, don Allah. Wannan ko sauro ba zai tare ba, balle bes."

Ya sa faifan, ya ce in tashi in yi ta zagaya ɗakin a hankali ina saurare. A tsakiyar ɗaki bes ɗin ya ɓace gaba ɗaya, kamar an zare wa sifikun waya. Da na matsa kusurwa kuwa sai ya cika mini kai har haƙorana suna amsawa. Dogo ya ce haka halinsa yake: sauti mai kauri yana bugun bango ya dawo ya haɗu da wanda ke tahowa, a wani wuri su kashe juna, a wani wuri su ninka, kuma a kusurwa yake taruwa. Abu siriri ba ya tare shi, sai abu mai kauri, mai laushi, wanda zai shiga ciki ya gaji.

Sai ya tsaya ya ce, "Amma ai da ba haka ɗakin nan yake ba. Me ka canja?"

Na ce ban canja komai ba.

Bai yi musu ba. Ya juya yana kallon kusurwoyin. Fentin wajen ya fi na sauran bangon haske, tun daga ƙasa har sama da tsayin mutum, daidai inda dilolin suka tsaya shekara da shekaru. Ya kalli ta farko, ya kalli ta biyu, ya kalli keken.

"Kai," ya ce a hankali, "ashe kayan Madam ne suke..."

Bai ƙarasa ba. Ya shiga neman makullin babur ɗinsa a aljihun da ba ya ciki. Kafin ya tafi ya zana mini a bayan kwalin ƙwai abin da zan yi: firam huɗu na katako masu kusurwa uku, daga ƙasa zuwa kusa da silin, a cika su da auduga, a rufe fuskarsu da yadi.

Lahadi, da hantsi

Ban sa komai ba yau. Na zauna a kujerar kawai.

Tun da muka dawo daga asibiti babu jariri a hannu, a wancan watan da ba na son ambata, kowa ya kama abin da zai riƙe. Ita ta kama keke, tun safe har yamma, ko babu aikin kowa sai ta farke ta sake ɗinkewa. Ni na kama faifai. Ɗaki ɗaya, na ba ta baya. In ta taka keken sai in ƙara sauti, in na ƙara sauti sai ta ƙara gudu. Ba wanda ya ce wa wani komai, kuma mutane suna ta yaba mana haƙuri.

Akwai wata ƙaramar jaka da ta cika da abubuwan da ta ɗinka kafin lokacin, masu 'yan ƙananan hannuwa. Ban gan ta a cikin kayan da aka loda a mota ba. Ban san inda ta ajiye ta ba, kuma ban buɗe saman kabad ba.

Ranar da muka yi faɗan da ya sa ta tafi, kaya na ce a fitar mini daga ɗaki. Na san da irin muryar da na faɗa, amma dai kaya na ce.

Talata, bayan la'asar

Kafinta ya kawo firam ɗin. Ya tambaya ko kejin zomaye ne, na ce eh, don na gaji da bayani. Mai katifa ya sayar mini da buhunan auduga, na ɗauko su a bayan babur ina tafe kamar gajimare.

Na fara cika na farko, ina dannawa da gwiwa har ya yi tauri kamar dutse. Na aika wa Dogo hoto ina jiran yabo, ya kira ya ce in kwance. Wai in ta matsu da yawa ta zama bango ke nan, sautin ba zai samu hanyar shiga ba. A sassauta mata, a bar ta tana numfashi. Na zazzage na sake. Auduga a gemu, auduga a hanci, har a cikin kofin shayi. Na yi ta atishawa ni kaɗai, babu mai ce mini sannu.

Alhamis, da yamma

Jiya na rufe fuskar ɗaya da ledar kujera baƙa mai sheƙi, ta yi kyau ƙwarai. Dogo ya ce in kara bakina a jikinta in hura. Na hura, iska ta dawo mini a fuska. Ya ce to haka sautin ma zai dawo, sai yadin da in ka hura iska za ta ratsa. Na ɓamɓare ledar, na ɗaure audugar da zaren buhu don kada ta zubo, na tsayar da firam ɗin huɗu a kusurwoyinsu tsirara. Na janye sifikun daga bango kaɗan, na matsar da kujerar baya.

Na sa faifan.

Ya dawo. Ba duka ba, amma ya dawo. Mai jitar yana saukowa mataki bayan mataki, kowanne a rarrabe, taga ta yi shiru. Abin da nake nema tun farkon watan nan ke nan, kuma na zauna ina jira in ji daɗi, daɗin ya ƙi zuwa. Can na gane kunnena ba ya gaba wajen sifikun, yana baya. Yana jiran ƙaramar ƙarar nan ta tsinke zare da haƙori, da faɗuwar allura a cikin gwangwani, da ɗan tsakin da take yi in ɗinki ya karkace. Shekaru ina jin faifan nan da waɗannan a cikinsa, na ɗauka suna ɓata mini shi.

Ina kewarta. Na rubuta, ga shi nan, sama ba ta faɗo ba.

Juma'a, da safe

Wata ya kusa ƙarewa. Na ɗiga wa keken mai, na juya ƙafarsa da hannu don ya ratsa.

Asabar, da la'asar

Na je gidan Yaya. Sau biyu ina wuce ƙofar kamar mai neman wani gida, a na uku na yi sallama. Yaya tana wanki a tsakar gida, ba ta tashi ba, ta nuna mini benci da haɓa. Muka gaisa gaisuwar da ba ta da gishiri.

"Yaya, aiki na kawo. Akwai wasu firam da nake so a ɗinka wa riga."

Ta matse zanen da ke hannunta sosai kafin ta ce, "Tela ka zo nema, ko matarka?"

"Duk wadda ta yarda ta fito, Yaya."

Ta dube ni. Ina jin ta so ta yi dariya ta fasa. Ta ɗaga murya ta ce, "Auta, ga mai aiki."

Ta fito da tef ɗin awo a wuya. Ta rame, ko kuwa rigar ce ta yi mata yawa. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da baƙon kirki, ta tsaya nesa kaɗan. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu, sai na tsinci kaina ina yi mata bayanin bes: yadda yake taruwa a kusurwa, yadda yake ɓacewa a tsakiya, ina zana ɗaki a iska da hannuwa biyu kamar mahaukaci. Na ce dilolinta ne suke shanye shi duk shekarun nan, ni ban sani ba. Na ce ɗakin ya ƙi zaunuwa. Idonta yana kan kaina.

"Akwai auduga a gashinka," ta ce.

Na kai hannu, ban same ta ba. Ta ɗaga nata hannun kaɗan, sai ta mayar ta riƙe tef ɗin.

"Wane irin yadi?"

"Wanda iska take ratsawa."

"Na san shi." Ta kalli Yaya. "Ranar Talata motar za ta je ɗaukar keke. Sai mu riga ta zuwa, in ɗinka masa kafin a loda."

Na yi godiya. Na je neman hanyar da za ta shigo gidan, na samo ranar da za a fitar da keken.

Litinin, da yamma

Na kankare ragowar gam daga bango. Na wanke kofuna. Na sayo sukari, don ita tana sha da sukari. Na share audugar da ta zubo, ta sake zubowa, na sake sharewa.

Talata, bayan magariba

Sun zo da hantsi, ita da Yaya, da bandir ɗin yadi ruwan toka a kafaɗarta. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta daɗe tana kallon firam ɗin nan huɗu a inda kayanta suke a da. Yaya ta zauna a falo ta ce ita ba ta shiga ɗakin da ke warin ƙwai.

Tela ta yanko gefen yadin ta miƙo mini. "Hura."

Na hura, na ji iskar a tafin hannuna ta ɗaya gefen.

Ta ba ni bakin tef na riƙe a sama, ita tana karantawa a ƙasa. Ta shimfiɗa yadin a ƙasa ta yanka. Da ta zauna a keken ta taka sau ɗaya sai ta tsaya, ta sake takawa, ta saurara. Ta gane an sa masa mai. Na tsaya ina miƙa mata allurai, ina karɓar wanda ta gama in ja shi a kan firam in buga ƙananan ƙusoshi. Sau ɗaya na bugi yatsana, ta ce "sannu" ba tare da ta ɗago ba.

Da muka gama na uku ta ce, "Sa abin naka in ji."

Na nuna mata kujerar. Ba ta taɓa zama a kanta ba, ban kuma taɓa ce mata ta zauna ba. Ta zauna a baki-baki, hannuwa a cinya. Na sa faifan, na koma na tsaya a bayanta kusa da keken, inda take zama. Daga nan ba a jin komai sai gurnani da ƙeyar mutum. Ashe abin da take ji ke nan, abin da take gani ke nan.

Mai jitar ya sauko har ƙasa. Ta ce, "Da ma haka yake yi?"

"Da ya fi haka."

Ta jinjina kai. Ta zauna har waƙar ta ƙare, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce audugar nan tana shiga ido.

Direba ya iso ya yi ham a waje. Yaya ta leƙo ta ce a yi sauri a gama na ƙarshen. Tela ta tashi ta ɗauki ragowar yadin, ta ɗaga shi, ta juya shi, sannan ta ninke ta tura a jakarta.

"Bai isa ba," ta ce.

Yaya ta ce, "Wancan duka? Auta, ai wannan zai..."

"Bai isa ba, Yaya. Sai na samo irinsa."

"To keken fa? Ga mota tana jira."

"In an ɗauke shi, da me zan ɗinka na huɗun?"

Yaya ta kalle ta, ta kalle ni, ta ce mu biyun nan Allah ya shirye mu, ta fita sallamar direba tana mita. Tela ta rufe keken da murfinsa, ta tattara ƙyallayen da suka zuba ta cusa su a cikin firam na huɗu, ta bi bayan Yayarta. A bakin ƙofa na tambaye ta yaushe. Ta ce irin yadin yana da wuyar samu.

Ni na riƙe bakin tef ɗin. Na san tsayin firam ɗin, na kuma ga abin da ta ninke. Zai rufe shi har a samu ragowa.

Alhamis, da la'asar

Ba ta kira ba. Na kira, ita ta ɗauka, muka yi maganar zafi da tsadar zare, ta ce tana nan tana cigiyar yadin.

Dogo ya biyo ya saurara, ya ce ɗakin ya kusa komawa yadda yake. Ya ga kusurwa ta huɗu tsirara tana zubar da auduga a ƙasa, ya ce yana da guntun yadi irin wannan a sitidiyo, gobe zai kawo mu rufe ta a huta.

Na ce masa in ya kawo shi gidan nan, ni da shi mun ɓata.